Bayin da Baba Ya Kulle

Sunana Sharifa, 'yar Alhaji Sambo ta Hillar Mati, wani ƙauyen Hausawa a yammacin Managil, a ƙasar Sudan. In kuka tambayi mutanen garinmu wace ce ni, za su ce muku, "Au, mai shiru-shirun nan da ta yi sakandare a Madani?" Ba su yi ƙarya ba. Ba na magana, amma ina kallo. Kuma wallahi 'yan'uwa, kallon nan shi ya ja mini abin da zan ba ku labari yau.

Shekarar da auduga ta yi albarka, Baba ya rantse sai ya yi abin da ya gani a gidajen manyan Madani, wato bayi a cikin gida, wanda ake ce wa saifon. Farin kwano ne na tangaran a dasa a ƙasa, bututu ya bi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa wani rami mai murfin siminti a bayan gida, ga kuma wani dogon bututu a tsaye yana kai iskar ramin sama. Aka gina shi manne da diwan, ɗakin da Baba yake saukar baƙi maza, ƙofarsa ma cikin diwan ɗin take buɗewa. Duk Hillar Mati ba mai irinsa. Har daga ƙauyukan gefe ake zuwa kallo.

Wanda ya gina shi Jibril ne.

Jibril ɗan kambo ne, unguwar 'yan ƙwadago da ke bakin ruwa, masu tsinkar auduga a gonakin irin su Baba masu hawasha, wato gonar ban-ruwa. Shi dai ya tsere wa tsinka, ya je Madani ya koyo aikin famfo, har ana ce masa Usta, wato gwanin aiki. Dogo ne, baƙi, jallabiyarsa ba ta rabuwa da tabon siminti, in zai yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar ya yi laifi. Ni ke kai wa ma'aikata shayi in ajiye a bakin zana in gudu. Ban san ranar da na daina gudu da sauri ba.

Da aiki ya ƙare ya turo manyansa neman aurena. Baba yana cikin murnar saifon, ya ce ya ba shi. Aka kawo akwatin gaisuwa: tob, lafayar da matanmu ke naɗawa, mai ruwan goro, wani mai ruwan ƙwai da zare mai ƙyalli a baki, takalmi, turaren sandal, sukari da kofi. Na tura shi ƙarƙashin gadona na igiya, kullum in na gama shara sai na jawo shi na buɗe na shaƙa na mayar. Mahaifiyarsa, Inna Dije, ta zo ganina. 'Yar siririyar mata ce, hannunta duk kaushin auduga. Ta ɗaga haɓata ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Ni ba bokonta nike so ba. Kunyarta nike so. Tun da na zamna ban ji muryarta ba."

Ku riƙe maganar nan.

Sai bazara ta shigo, irin zafin da kan sa tulu ya yi gumi ya bushe nan take. Sai wari ya fara.

Gwaggo Barakatu, yayar Baba, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ta ce ɓera ne ya mutu a rufi. Aka sauke buhunan dawa, aka kakkaɓe tabarmi, ba ɓera. Ta ce to kaza ce ta ɓoye ƙwai ya ruɓe. Ba ƙwai. Wari ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai a cikin kwata. Da safe da dama-dama, rana na takewa sai ya taso ya cika diwan, ya tsallako zana ya iske mu a madafa. Gwaggo ta yi ta zuba turaren wuta har labulen diwan ya yi baƙi, abin ya koma sandal da masai a haɗe, ya fi na da tayar da zuciya.

Ranar da Malam Attahiru, limamin garinmu, ya zo gaisuwa, aka kawo masa jabana, ɗan tulun da muke dafa kofi, ya kurɓi kofin sau ɗaya, ya ja gefen rawaninsa ya rufe hanci, ya ce ya tuna ana jiransa. Baba ya raka shi ya dawo fuska kamar an shafa mata toka. A bakin ruwa kuwa mata in sun hango ni sai wata ta toshe hanci ta ce, "Ku matsa, ga 'yan gidan saifon."

"Ai na hwaɗa!" in ji Gwaggo, da ƙarfi yadda Baba zai ji daga diwan. "Ɗan kambo ya gina maka masai cikin ɗaki, kai kuma ka ɗauki ɗiya ka ba shi tukuici. Uwarsa a hawasharmu ta tsinci auduga, da hannuna wanga na miƙa mata kisra. Yau ita ce surukata? Tir!"

Baba ya aika a kira Jibril.

Ya zo da tsani da doguwar sanda. Ina bayan zana riƙe da faranti, ina leƙe ta wata 'yar kafa da na daɗe da sani. Ya ɗaga murfin ramin ya zura sanda ya zaro ya duba, ya ce ramin lafiya lau, bai cika ba. Ya hau tsani ya leƙa dogon bututun ko tsuntsu ya yi sheƙa, babu. Ya kwarara ruwa a kwatar da muke wanke-wanke, ruwan ya wuce sumul. Sannan ya ɗauko tsumma ya yayyafa masa kananzir ya kunna, ya kashe harshen wutar ya bar hayaƙi, ya rataye shi cikin ramin ya mayar da murfi. Muka zuba ido. Hayaƙi ya fito ta saman dogon bututun, yadda ya kamata. Na fara sakin numfashi ke nan sai Gwaggo ta ƙwala ihu.

"Ga shi nan! Ku zo ku gani!"

Wani siririn hayaƙi ne yake bulbulowa ta ƙarƙashin ƙofar bayin, yana malala cikin diwan.

Jibril ya tuɓe takalmi ya durƙusa can nesa da Baba, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Baba Alhaji, hayaƙi bai kamata ya biyo nan ba. Ƙarƙashin kwanon akwai gwiwa, bututu ne mai lanƙwasa, ruwa ke kwanciya a ciki ya tare iskar ramin. Tunda hayaƙi ya wuce, ko bututu ya tsage, ko gwiwar ta bushe. In da za a buɗe mini in duba..."

"A buɗe maka mi?" Baba ya miƙe zaune. "Kai mai neman ɗiyata, ka shiga inda nike tsuguno? Haka aka koya muku a kambo?"

Ku gane, lokacin da ya gina bayin, Usta ne kawai. Yanzu suruki ne. A wurinmu suruki ko ruwa ba ya sha a gaban uban matarsa, balle ya leƙa makewayinsa. Jibril ya ƙara sunkuyawa har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

"Allah shi ba ka haƙuri. To... ana dai zuba mishi ruwa?"

"Kullum," in ji Baba. "Sahe da marece."



Ƙarya ce. Allah Ya yafe mini faɗar haka a kan mahaifina, amma ƙarya ce. Duk ruwan gidanmu ta hannuna yake bi. Mai jaki ya kawo, ni nake rabawa tulu-tulu. Ko moɗa ban taɓa kaiwa ɗakin nan ba, ban kuma taɓa ganin wani ya kai ba. Makullin yana aljihun 'yar shararsa tare da agogo. Kullum da sassafe, ina hura wuta, ina ganinsa da buta yana zagayawa ta bayan turken awaki zuwa tsohon masai, yana waiwaye kamar ɓarawo. Saifon ɗin nan baƙi kawai yake buɗe wa, su leƙa su ce masha Allah, ya rufe. Tun da zafi ya shigo ma ya daina buɗewa. Na san dalili. Bango ɗaya ne tsakanin kwanon da inda yake shimfiɗa buzun salla, zuciyarsa ba ta yarda ya tsuguna a can ba. Kuma ya gwammace ya mutu da a ce Alhaji Sambo ya gina saifon yana tsoron shiga.

Warin ma ba baƙona ba ne. A makarantar kwana, duk muka dawo dogon hutu haka bayinmu yake tarbar mu. Matar da ke kula da ɗakunanmu sai ta jera mu da bokitai, kowane rami a kwarara masa ruwa. Kafin a buga ƙararrawar abinci an manta da shi.

"Tunda ruwa na zuba," in ji Baba, "bututunka ne tsagagge. Ha'inci ka yi min a gidana. Juma'a bayan la'asar manya za su zamna, a maishe muku da akwatinku. Tashi ka ba ni wuri."

Jibril ya miƙe. Ya sa takalminsa ya fita, tsaninsa ma ya manta.

Washegari na iske Gwaggo a madafa tana shafa kisra, siririyar wainar dawa, a kan ƙarfe, gumi na bin wuyanta. Na tsuguna ina gyara itace, na tattaro duk ƙarfin halin da Allah Ya ba ni.

"Gwaggo... Baba fa ba ya shiga bayin nan."

Ba ta ɗago ba. "Ke! Bin ubanki kike da ido in za shi bayan gida? Abin da aka koya muku a sakandaren ke nan?"

"Bokiti guda kawai za a zuba, Gwaggo. Wallahi warin zai tafi."

Ta ɓamɓare kisrar ta wurga a faifai, sannan ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa. "Tsammani kike ke kaɗai ke da ido a gidan ga? Na riga ki ganinshi da butarshi."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da gyara itace.

"In shaƙi wari har damina ya hi min in zamna tabarma guda da Dije," ta ce. "Ki sake buɗe bakinki a kan maganar ga, in ɗinke shi da zaren buhu. Miƙo min ƙullu."

Ranar Alhamis da yamma Jibril ya zo ɗaukar tsaninsa. Na ji motsinsa a bayan katangar da tantabarunmu suke. Na je da tsabar dawa kamar zan ba su. Katanga a tsakaninmu, ba mai ganin wani.

"Usta."

Motsin ya tsaya. "Na'am."

"Bai taɓa zuba ruwa ba. Ko sau ɗaya."

Sai na ji ya ce, "Na sani. Tun da na ga hayaƙin na sani. Ni na haɗa bututun nan da hannuna, bai tsage ba."

"To ka faɗa mana!"

"In ce wa Alhaji maƙaryaci gaban liman? Sannan in dawo in ce ya ba ni ɗiyarsa? Sharifa, yi tunani."

"Sai ka bari a ce maka maha'inci? Wa zai sake kiranka aiki daga nan har Managil?"

"Allah na nan."

"Ni kuma fa?"

Na ji ƙarar tsani yana saɓa shi a kafaɗa.

"Matsoraci," na ce. Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ban san ko ya ji ba. Tantabaru dai sun ji, sun tashi fir.

Ranar Juma'a tun hantsi Gwaggo ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gadona ta dire shi a tsakar gida, ta zauna kusa da shi tana tsince shinkafa tana 'yar waƙa. Bayan la'asar takalma suka taru a ƙofar diwan. Baba ya ƙi a shimfiɗa tabarma a waje. Ya ce a ciki za a zauna, kowa ya shaƙi aikin Usta da hancinsa. Malam Attahiru na nan, kawunnan Jibril na nan, maƙwabtanmu masu hawasha na nan, kowa da gefen rawani a hanci. Jibril yana can bakin ƙofa a durƙushe.

Ina ɗaki ina jin muryar Baba tana hawa. "Ha'inci... gidana... abin dariya..." Na ɗauko farin tob ɗina na makaranta, wanda ya fara yin ja a gefe, na naɗa na ja shi har gira. Na je tulun da ya fi girma na cika bokiti.

"Ina za ki?" in ji Gwaggo. "Sharifa! Don ubanki ina za ki?"

Ban waiwaya ba. In na waiwaya na san ba zan je ba.

Tunda aka haife ni ban taɓa taka diwan da maza a ciki ba. Na yi sallama, muryar da ta fito ba tawa ba ce. Kai suka ɗago gaba ɗaya. Ruwa yana fallatsa a ƙafata. Na durƙusa da bokitin a gabana.

"Baba, ba ni makulli."

Baba ya zuba mini ido.

"Hita," in ji Baba a hankali.

"Baba, makullin."

"Na ce ki hita kahin in saɓa miki!"

Wani daga cikin maƙwabta ya ce, "Subhanallahi, ɗiyan zamani." Jibril ya ɗago ido ya kalle ni, karon farko a gaban mutane, yana girgiza kai, yana roƙona da ido in koma. Na kau da fuska.

Malam Attahiru ya sauke rawaninsa daga hanci. "Alhaji, ba ta. In bututu ne ya tsage, ruwan bokiti ba ya ɗinke shi. Ba ka rasa komi."

Na ɗago na kalli Baba. In ya hana, an gane. In ya bayar, an gane. Ya zura hannu a aljihu, ya zaro makullin ya jefo shi. Ya daki bokitin ya faɗi a tabarma.

Kwaɗon ya yi tauri, sai da na sa hannu biyu. Ƙofa na buɗewa warin ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Na so in tare ƙofar da jikina. Wallahi na so. Amma ƙofar faɗi gare ta, ni kuma ba ni da jiki.

Kowa ya gani. Jar ƙura kwance a daɓe, lumui, ba sawun ƙafa ko ɗaya. Yanar gizo daga bakin kwanon har bango. Sabulu a kan taga, ko takardarsa ba a ɓare ba. Sabuwar buta a kife. Kyankyasai suna fitowa daga ramin kwanon, busasshe ƙayau, suna watsewa.



Na ɗaga bokitin na kwarara. Ramin ya yi wata ƙara kamar maƙoshin mai ƙishi, ya haɗiye, sannan ruwa ya dawo ya kwanta a wuyansa yana sheƙi. Na buɗe tagar bayin, na fito na buɗe na diwan, na koma gefe na tsaya kaina a ƙasa. Liman ya jawo carbinsa. Ba wanda ya tashi. Iska ta riƙa shiga tana fita. A hankali na ga rawuna suna sauka daga hanci ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yi kamar ba da gangan ba.

Baba yana kallon bango. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai ranar.

Sai Jibril ya gyara murya. "Malam, laihina ne. Ban gaya wa Baba Alhaji ba cewa zahin bana na iya shanye ruwan ko ana zubawa."

Ga ƙura can a kwance tana ƙaryata shi. Kowa ya san ƙarya ce, kowa kuma ya yi maza ya kama ta.

"Ashe zahi ne," in ji liman. "To alhamdu lillahi. Zahin bana ai ba dama."

"Ba dama," maza suka amsa.

Baba ya juyo daga kallon bango. "A maida akwati ɗaki." Na miƙa masa makullin da hannu biyu. Bai dube ni ba. "Ke kika buɗe, ke za ki riƙe. Hita."

A tsakar gida Gwaggo tana tsaye, hannu a ƙugu. "Barka, 'yar sakandare. Kin tuɓe ubanki gaban gari don ɗan kambo. Allah shi ba ki ɗiya irinki." Ta tofar da yawu kusa da ƙafata. Ni kaɗai na ja akwatin na mayar ƙarƙashin gado. Ban buɗe shi ba.

Na ɗauka an gama. Haka ku ma kuka ɗauka, ko?

Washegari da hantsi, na fito daga zuba wa bayin ruwa, bokiti a hannu, makulli a ɗaure a gefen tob, sai na ji sallamar mace. Inna Dije ce. Baƙin tob ta sa, a hannunta kuma gammo. Mace ba ta zuwa gidan mutane da gammo sai in kaya za ta ɗauka.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta bi ta gefena kamar turmi ne a ajiye.

"Barakatu, na zo ɗaukar akwatin ɗana."

Gwaggo ta saki muciya. "Akwati?"

"Duk kambo an kwana da labari. Na ce muku kunyarta nike so. Ɗiyar da ta shiga tsakiyar maza ta tona ubanta gaban liman, ran da ɗana ya yi kuskure gaban wa za ta kai bokiti? Mu talakawa ne, amma ba mu haihi irin wagga ba."

'Yan'uwa, tunda nake ban taɓa ganin haƙoran Gwaggo gaba ɗaya ba sai ranar. Da gudu ta jawo kujera ta kakkaɓe ta da gefen zanenta. "Zamna, 'yar'uwa. Zamna ki huta. Wallahi kin hwaɗi gaskiya." Ita da ta ce gara wari har damina. Da kanta ta shiga ɗakina ta jawo akwatin ta dire a gaban Inna Dije.

Na buɗe baki in ce don ɗanki na yi. Muryar jiya ta ƙi zuwa.

Inna Dije ta ɗora gammo a ka, ta sunkuya za ta kama hannun akwatin. Sai labulen diwan ya ɗaga.

"Dije. Aje gammon nan."

Baba ne, tsaye a bakin ƙofa, carbi a hannu. Na ɗauka ni zai kare. Ko inda nake bai kalla ba.

"Jiya gaban liman na ce akwati shi zamna. An maishe ni maƙaryaci sau ɗaya a gidan ga. Ba a yi na biyu."

"Alhaji, kayan ɗana ne."

"Gidana ne."

Inna Dije ba ta sauke gammon ba. Ba ta kuma ɗauki akwatin ba. Juyawa ta yi ta zauna daram a kansa, ta harɗe hannu, ta kafa wa Baba ido. Shi ma ya jawo buzunsa ya shimfiɗa a bakin diwan ya zauna. Gwaggo ta tsaya a tsakani, baki buɗe.

Ni kuma ina nan inda na durƙusa, bokiti a gefena, ba mai kallona cikin su ukun. Iska ta taso daga wajen diwan ta bi ta kaina, tsaf, ba wari ko na misali. Amma tunda nake a gidan nan, numfashi bai taɓa yi mini wuya irin na wannan hantsin ba.